Yadda ake koyon sara a mandolin, tun daga riƙon kod har ka shiga cikin makaɗa

Duk wanda ya taɓa sauraron kiɗan bulugiras na Amurka, kiɗan nan na mutanen Kentaki da Tenesi da ake yi da banjo da jita da biyolin da babban bes, zai ji wani abu yana ta faɗowa cak, cak, cak kamar akwai mai ganga a baya, amma in ka kalli bidiyon babu ganga ko ɗaya a wajen. Toh mai mandolin ne yake wannan aikin, wani ɗan ƙaramin kayan kiɗa ne mai tsirkiya. Da Turanci chop ake ce masa, ni a nan sara zan riƙa cewa. Wanda ya kafa salon shine Bill Monroe, mutumin Rosine a jihar Kentaki, an haife shi 1911 ya rasu 1996, kuma daga sunan ƙungiyarsa Blue Grass Boys aka samo sunan kiɗan gaba ɗaya. Da wata tsohuwar mandolin Gibson F-5 ƙirar 1923 ya riƙa yin saransa, shi yasa har yau masu wannan kiɗan irin ƙirar suke nema ko kwaikwayonta, dan tana da wata murya mai kauri a tsirkiyoyin sama da in ka sara zakaji kamar an buga katako.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, saura duk bayani ne a kansa: sara ba daga ƙarfin hannun dama yake fitowa ba, daga sakin hannun hagu yake fitowa. Ka danna, ka buga, ka saki nan take. Mutane da yawa suna shafe watanni suna dukan tsirkiya kamar da gaba, sautin kuma yana fita jagwab, saboda basu gane wannan ba.

Mu fara da kayan. Mandolin tsirkiya 8 gareta amma bibbiyu suke tafiya, dan haka kamar 4 ne, kuma ana saita su G, D, A, E irin na biyolin. G itace mai kauri wadda take sama kusa da fuskarka, E ce siririyar ta ƙasa. Ka sauke manhajar saita muryar tsirkiya, wato tuna, a waya ka saita duka takwas ɗin, ka tabbatar kowace biyu sun zama murya ɗaya, in ba haka ba kod, wato muryoyin tsirkiyoyi da ake bugawa tare, zai riƙa rawa a kunne kana zaton laifin yatsunka ne. Fik kuma, wato ɗan abin da ake buga tsirkiya da shi, kar ka ɗauko siririn nan na jita mai lanƙwasa, nemi mai kauri, wajen milimita 1.4 ko 1.5, mai faɗi wanda bakinsa bai cika tsini ba. Sa maɗauri ka rataya ta a kafaɗa ko a zaune kake, dan hannun hagu ba aikinsa bane ɗaukar nauyin kayan, kuma ka ɗan ja bayanta daga cikinka kaɗan, in ka manne ta da tumbi rabin muryar ta mutu.

Sai ka duba tsayin tsirkiya daga kan firet, wato ƙarafan nan da aka jera a gicciye a wuyan mandolin. A firet na 12 tazarar bai kamata ta wuce milimita 1.5 zuwa 2 ba. Yawancin masu araha da ake sayowa ta intanet suna zuwa da jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa a fuskar mandolin, a sama sosai, ka danna har idonka yayi ja sauti bai fita ba. Jakin yana da ƴan ƙafafu biyu masu juyawa, ka sassauta tsirkiyoyi ka juya su kaɗan kaɗan ya sauka, ka sake saitawa. In har yanzu da tauri, canza zuwa tsirkiya mara nauyi mai farawa da .010 maimakon .011, ba abin kunya bane.

Ga yadda zan riƙa rubuta kod: lamba huɗu, daga G zuwa E. In nace 7-5-2-3, ina nufin tsirkiyar G firet na 7, D firet na 5, A firet na 2, E firet na 3. In kaga x, wannan tsirkiyar ba'a buga ta.

Matakin farko babu kod a cikinsa sam. Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyi duka, taɓawa kawai ba dannawa ba, yadda in ka buga zakaji cak babu wata murya. Yanzu ka ƙirga da baki, ɗaya biyu uku huɗu, ƙafarka tana taka ƙasa a ɗaya da uku, hannunka na dama yana faɗowa a biyu da huɗu. Ƙasa kawai fik yake yi, babu bugun dawowa sama. Ɗaya da uku na mai bes ne, biyu da huɗu naka ne, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, in taɓaryar wannan ta tashi ta waccan ta sauka, ranar da suka sauka tare an samu matsala. Da farko hannunka zai riƙa son bin ƙafarka, haka kowa yake yi, ka rage gudu har sai sun rabu.

Bugun kansa daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba, ba kuma daga gwiwar hannu kaɗai ba. Ka saki hannun, kayi kamar kana yarfe ruwa daga yatsu. Fik ya ratsa tsirkiyoyin da sauri yadda zasu fita a matsayin sauti ɗaya, in kana jin tirrr ɗaya bayan ɗaya to kana jan hannu ne. Kuma nauyin bugun a kan G da D zaka sa shi, nan kaurin yake, A da E in fik ya shafe su ya wadatar, in ma bai kai E ba babu wanda zai kama ka. Wajen da zaka buga kuma kusa da ƙarshen allon firet ne, in ka matsa kusa da jaki sautin zai zama siriri mai tsini. Riƙon fik ɗin ma kar ka matse shi, iya yadda ba zai faɗi ba.

Ka ɗauki kwanaki kana wannan kaɗai, minti biyar biyar. Nasan da gundura.

Toh yanzu hannun hagu. Kar ka riƙe wuyan mandolin irin riƙon jita, yatsu a miƙe daidai da firet, babban yatsa a tsakiyar baya. Riƙon masu biyolin ake yi, wuyan ya zauna tsakanin babban yatsa da gindin manuniya, tafin hannu kar ya manne da katako, yatsun kuma su karkata suna kallon wajen jikin mandolin ɗin. Wannan karkatar ce take baiwa ƙaramin yatsa damar miƙewa nesa. Farce a yanke shi ƙasa sosai. Kowane yatsa ya sauka da kansa, dab da bayan ƙarfen firet, ba a tsakiyar gida ba, ba kuma a kan ƙarfen ba.

Fara da yatsa uku: x-5-2-3. Yatsan zobe a D firet na 5, manuniya a A firet na 2, na tsakiya a E firet na 3. Wannan G ne. Buga tsirkiyoyin ɗaya ɗaya kaji ko kowacce tana fita tas, in wata ta toshe to wani yatsa ne ya kwanta a kanta, yawanci na zobe ne yake taɓa A. Gyara, sake gwadawa.

Yanzu ga abin daɗin. Ɗauki wannan siffar yadda take, ka ɗaga ta sama da tsirkiya ɗaya, kowane yatsa ya koma maƙwabciyar tsirkiyarsa ta sama a firet ɗin da yake. Ka samu 5-2-3-x, C kenan. Zame ta gaba firet biyu, 7-4-5-x, D kenan. Kaga da siffa ɗaya ka samu G da C da D, kuma waƙoƙin bulugiras masu ɗimbin yawa kod ukun nan ne kawai a cikinsu. Dalilin da yasa hakan yake yiwuwa shine tazarar da ke tsakanin kowace tsirkiya da ta kusa da ita iri ɗaya ce a mandolin, ba kamar jita ba da tsirkiyar B take ɓata lissafi. A C da D ɗin nan tsirkiyar E tana sake, kar ka bari tayi ƙara, ko dai fik ya tsaya kafin ya kai ta ko kuma ka bar naman yatsan tsakiya ko gindin manuniya ya ɗan jingina da ita ta mutu.

Sai ainihin saran. Riƙe C ɗin nan 5-2-3-x, dan tafi sauƙi kuma tana kan tsirkiyoyi masu kauri. A ƙirgen ɗaya yatsunka suna kan tsirkiya amma a sake. Dab da biyu sai ka matse, fik ya faɗo, kana jin muryar ta fito sai ka sassauta. Sassautawa nace, ba ɗagawa ba, nan ne kusan kowa yake ɓata abin, in ka ɗaga yatsu gaba ɗaya tsirkiyoyin zasu koma a sake suyi ta ƙara da wata murya daban, abinda ake so shine tsirkiya ta rabu da ƙarfen firet amma fatar yatsa tana nan a kanta tana kashe ta. Motsin ƙanƙani ne, wanda yake kallonka daga nesa ba zai ma ga hannun yana motsi ba. Kuma ka lura ba'a amfani da gefen hannun dama wajen kashe sautin irin yadda ƴan jita suke yi, hagu ce take komai.

Kayi wasa da tsawon matsewar. In ka daɗe kaɗan kafin ka saki zakaji kod ɗin sosai, cang. In ka saki da wuri zakaji rabin murya rabin bugu, cak mai ɗan launi. In baka matse ba sam, bugu ne zalla. Duka ukun ana amfani dasu. A waƙa mai sanyi ana barin kod ya ɗan yi numfashi, a mai gudu kuwa kusan bugu ne kawai. Ni dai a ganina na tsakiyar nan shine sara na gaskiya, wanda mai sauraro zai iya gane ka canza daga G zuwa C ko da bai ga hannunka ba, masu yin cak cak busasshe tun daga farko har ƙarshe sau da yawa ɓoye rashin sanin kod suke yi.

Wannan danna-saki ɗin ma hutu ne ga hannu, dan kashi uku cikin huɗu na lokacin yatsunka a sake suke. Wanda ya matse kod tun farkon waƙa har ƙarshe kafin minti biyu hannunsa ya ƙage.

Yanzu babban dodon, ƙaramin yatsa. Cikakken G na sara shine 7-5-2-3, wato x-5-2-3 ɗin da ka riga ka iya, sai ƙaramin yatsa ya haura can tsirkiyar G firet na 7. Daga firet na 2 zuwa na 7, ranar farko zaka rantse da Allah hannunka ba'a halicce shi dan wannan ba. Kowa haka yace. Akwai mata da yara masu ƙananan hannu da suke yinsa, dan haka yawanci matsalar karkatar hannu ce ba tsawon yatsa ba.

Dabara ta farko, kar ka fara a G. Firet suna matsewa ne in kana matsowa wajen jiki, dan haka fara a 11-9-6-7, B kenan, siffa ɗaya ce amma tazarar ta ragu. In ta zauna ka dawo 10-8-5-6, sai 9-7-4-5 wato A, a haka a haka har ka sauko 7-5-2-3. Ko sati nawa zai ɗauka barshi ya ɗauka. Dabara ta biyu, ka fara ajiye ƙaramin yatsa da na zobe tukuna, sannan ka miƙa manuniya da na tsakiya baya. Miƙa manuniya baya yafi sauƙi nesa ba kusa ba a kan miƙa ƙaramin yatsa gaba. Ta uku, ka bar babban yatsa ya zame ya dawo wajen firet na 3 ko na 4, ka ɗan shigo da gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, zakaga hannun ya buɗe da kansa. In ƙaramin yatsan yana kwanciya ya taɓa D, akwai matsala, dan firet na 7 yana gaban na 5, in ya taɓa D zai kashe ta. Dole ya ɗan lanƙwasa ya sauka da kai.

Zafin kan yatsa dole ne har kanta ta fito, sati biyu zuwa uku ya wuce. Amma zafi a wuyan hannu ko wani abu mai tsira kamar lantarki a cikin hannu, wannan ba na jurewa bane, ajiye kayan ka huta, in ya ƙi tafiya kaje asibiti. Minti goma sau biyu ko uku a rana yafi awa biyu ranar Lahadi.

In kuma kayi kayi ya ƙi, ko kana buƙatar shiga kiɗa kafin hannun ya buɗe, akwai G mai sauƙi a 4-5-5-x, tana kan tsirkiyoyi masu kauri kuma tana sara da kyau, ga D kusa da ita a 2-4-5-x. Manyan makaɗa ma suna amfani da irin waɗannan masu yatsa uku, ba wai na ragwaye bane. D ma tana da cikakkiyar siffa mai yatsa huɗu, 7-4-5-2, ƙarami a G, na tsakiya a D, na zobe a A, manuniya a E. Amfaninta shine tsakaninta da 7-5-2-3 ƙaramin yatsa baya motsi, yana nan a firet na 7, sauran ukun ne suke musanya waje. Wasu sunfi son ta, wasu 7-4-5-x kawai suke yi har su tsufa.

Sai canji tsakanin kod, kuma a nan sara yana maka adalci, dan ƙirgen ɗaya ba naka bane, lokacin da mai bes yake bugawa kai kuma hannunka yana tafiya sabon waje. Kunna metronom, wato manhajar da take ƙyas ƙyas tana riƙe lokaci, a waya a 60, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin bes, kai kuma ka faɗo a tsakanin ƙyas biyu. Yi sara 8 a G, 8 a C, 8 a G, 8 a D, ka dawo. In ya zauna ka rage zuwa 4, sannan 2. Doka ɗaya ce, hannun dama baya tsayawa jiran na hagu. In lokaci yayi yatsu basu isa ba, ka buga a haka a kan tsirkiya a mace, zai fita cak, babu wanda zai damu. Kod mara kyau a kan lokaci ana yafe shi, kod mai kyau da ya makara kuwa yana rikita kowa har mai waƙa. Kar ka ƙara gudu sai kayi minti ɗaya cur babu tuntuɓe, sannan ka ƙara 4 ko 5. Waƙoƙi masu matsakaicin gudu suna wajen 90 zuwa 120 a wannan lissafin, masu gudun tsiya sun wuce haka.

In ka kai wajen 80 sai ka juya abin, ka ɗauki ƙyas ɗin metronom a matsayin saranka, wato ku faɗo tare. In ka dace daidai ƙyas ɗin zai ɓace a cikin bugunka, in kana jinsa to ko ka riga shi ko ya riga ka. Wannan atisayen yana tona asiri ba kaɗan ba. Ka kuma ɗauki kanka a waya ka saurara, abinda kunne yake ji lokacin da hannu yake aiki daban yake da abinda ya fita. Yawancin masu koyo gaba suke yi, suna ƙara gudu basu sani ba musamman wajen canjin kod.

Tunda babu tsirkiya a sake da ake bugawa a cikin siffofin nan, ko'ina ka kai su zasu yi aiki, shi yasa tun farko aka zaɓe su. Waƙa a A? Matsa komai gaba firet biyu: 9-7-4-5, 7-4-5-x, 9-6-7-x, wato A da D da E. A B kuma ƙara biyu. Ɗan jita da ɗan banjo sai sun ɗaura kafo, wato matsen da ake ɗaurawa a wuya dan ɗaga murya, kai hannu kawai zaka zame, a bulugiras da wuya kaga kafo a kan mandolin. Shi yasa gara ka daina haddace sunaye ka riƙa tunanin na ɗaya, na huɗu, na biyar, yadda makaɗan suke faɗa a tsakaninsu: na ɗaya babbar siffa, na huɗu haura tsirkiya ɗaya, na biyar zame firet biyu. Masu murya mai taushi kuma, wato maino, guda biyu sun ishe ka a farko, Em a 4-5-7-x da Am a 2-2-3-5 inda manuniya zata kwanta a kan G da D tare, in ka zame ta firet biyu ta zama Bm.

Akwai waƙoƙi masu ƙirgen uku, irin na wals, a nan bes ne a ɗaya, kai kuma biyu da uku, bum cak cak. A sassauta ake yinsu, kar ka sare su kamar kana faskare... kai dai ka bari kod ya ɗan fito.

Daga nan sai sauraro. Nemo rikodin Monroe na bayan 1945, lokacin da Lester Flatt da Earl Scruggs suke tare dashi, da na shekarun bayan nan inda saran ya ƙara fitowa fili, ka bi su da tsirkiya a mace ko baka san kod ɗin ba. Sannan ka saurari Sam Bush, wanda yawancin masu mandolin suke ɗauka a matsayin gwanin sara, shi yana cusa wasu ƴan ƙananan bugu na sama da ƙasa a tsakani kuma bai ɓoye cewa kiɗan rege ya shige shi ba, in ka san yadda jitar rege take faɗowa a bayan bugu zaka ji dangantakar nan take. Amma dan Allah kar ka fara kwaikwayon ƙawar nan tasa sai cak ɗinka guda ɗaya ta tsaya da ƙafarta.

Ranar da ka samu wasu kuka zauna kiɗa tare, ko da ɗan jita ɗaya ne, ga ladabin abin. In mai waƙa yana rerawa ko ɗan jita yana nasa salon, rage ƙarfi, dan mandolin tana da tsini tana iya danne su, in banjo ne ya karɓa kana iya sakin hannu. In lokacinka yazo na fitar da salo, ɗan banjo ko mai biyolin ne zai riƙe saran har ka gama, kai kuma kana gamawa ka koma bakin aikinka ba tare da an rasa ko bugu ɗaya ba, wannan komawar ma sai an yi mata atisaye daban. In ku biyu ne masu mandolin kar ku sara tare sai in kun dace tsaf, ɗaya ya sara ɗaya yayi shiru ko yayi wani abu mai laushi. Kuma kunnenka a kan mai bes zai zauna, in babu bes to ɗan jita, wato bugun tsirkiyarsa mai kauri.

Wanda yake zaune inda hunturu yake busawa ya kula da wani abu, katakon mandolin siriri ne kuma tsirkiya takwas suna danne shi, in iska ta bushe fuskar tana ɗan nutsewa, tsirkiyoyi su sauko su fara zizar a kan firet, saranka ya koma zzz kana ta zargin yatsunka, wani lokacin ma katakon ya tsage. Ka riƙa mayar da ita cikin akwatinta in ka gama, ka sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da ka huda, ka matse shi sosai kar ya ɗiga, ka ajiye a gefen wuya ba a kan katako ba. In zizar ta riga ta fara, ɗaga jaki rabin juyi, damina na shigowa ka sauke shi.